Tikitin wasan Sallah: in biya ta waya ko in je da kuɗina bakin ƙofa?

Tambaya: "Assalamu alaikum Yaya. Ni tela ne, ina zaune a Mararaba, shagona yana Nyanya. Akwai babban wasa da za a yi a cikin gari washegarin Sallah, kuma mawaƙin da nake matuƙar so zai zo. Mu huɗu ne, ni da ƙannena mata biyu da abokina. An ce ana sayar da tikiti ta intanet, an kuma ce za a sayar a bakin ƙofa. Bara wani abokina ya tura wa wani kuɗi ta Instagram, aka turo masa hoton tikiti, da ya je aka ce an riga an shiga da shi. Tun daga nan nake tsoron saye ta waya. Ba gara in haƙura sai ranar in je da kuɗina a hannu ba? Wanne ya fi?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah Ya kai mu Sallar da rai da lafiya, Ya ba ka ikon gama ɗinkin mutane a kan lokaci.

In na fahimce ka, abin da ke cin ranka ya wuce zaɓi tsakanin takarda da waya. Tsoronka shi ne ka kwaso ƙannenka tun daga Mararaba, kowa ya ci kwalliya, ku sha cunkoson Nyanya da na Kugbo, ku isa bakin ƙofa wani ƙato ya dubi tikitinku ya ce ku matsa gefe. Na san zafin wannan, don na daɗe ina ganin sa a fuskokin mutane. Da yagar tikiti a bakin ƙofa na fara wannan sana'a a nan Abuja, yanzu kuma aikina shi ne tsara yadda za a sayar da shi da yadda jama'a za su shiga. To zan ba ka amsa ne a matsayin wanda yake tsayawa ta cikin ƙofar.

Hanyoyin huɗu ne, ba biyu ba. Akwai sayen intanet ta shafin da mai shirya wasan ya ayyana. Akwai sayen hannu kafin ranar, a wani shago ko gidan abinci da aka rubuta sunansa a takardar talla. Akwai sayen bakin ƙofa ranar wasan. Sai ta huɗu, saye a hannun wani da ya ce yana da tikiti, ko a waya kuka haɗu ko a bakin titi. Biyun farko suna da kyau. Ta ukun ita kake shirin bi, kuma ita nake so in hana ka. Ta huɗun ce ta ci abokinka, kuma ko da a gindin bishiya ya haɗu da mutumin ya miƙa masa kuɗi hannu da hannu, haka za ta kasance.

Abin da ya sami abokinka

Tikitin waya lamba ce kawai. Zanen nan mai kusurwa huɗu mai ɗige-ɗige, wanda ake kira QR, lambar ce aka rubuta ta yadda na'ura za ta karanta da sauri. Idan ka biya, sai a ajiye lambarka a kwamfutar masu sayarwa. Ranar wasa yaron da ke ƙofa ya haska ta, kwamfuta ta ce akwai ta, nan take kuma ta soke ta. Duk wanda ya sake kawo lambar nan, ja za ta nuna. Na'urar ba ta san fuska ba, ba ta san wanda ya biya ba. Wanda ya riga zuwa kaɗai ta sani.

Ka ga inda ɓarakar take. Mutum ya sayi tikiti ɗaya na gaskiya, ya ɗauki hotonsa, ya sayar wa mutum goma. In ka duba da ido ba za ka ga aibu ba, sunan wasa da rana da wuri duk daidai. Ɗaya zai shiga, tara su tsaya suna rantsuwa, kuma rantsuwarsu gaskiya ce. Babu abin da ya fi min wuya a aikin nan kamar in ce wa mutumin da na tabbata ya fitar da kuɗinsa ba zai shiga ba. Amma in na bar shi, kujerar wa zai zauna?

Wasu kuwa ko tikitin gaske ba sa wahalar saye. Sai su buɗe shafi mai suna irin na mawaƙin, su ƙara ɗigo ɗaya ko su ninka harafi, su kwashe hotunansa su zuba, su sa lambar asusun wani mutum. Ko su bi ƙarƙashin sanarwar gaske suna rubuta cewa tafiya ta kama su, suna da tikiti biyu za su karyar a rabin kuɗi. Wasan da ake rububinsa, wa zai karyar da tikitinsa? Araha ba ta ado. Alamar shuɗin nan ta gefen suna, mai nuna shafi na gaske ne, ita ma nauyinta ya ragu, tunda yanzu ana biyan kuɗi duk wata a same ta a X, Instagram da Facebook su ma sun fara sayar da ita tun 2023.

Abin lura shi ne, abokinka bai sayi tikiti a intanet ba. Ya sayi hoto ne a hannun baƙo, waya kawai ta haɗa su.

Takarda ma ba ta tsira ba

Mu mutane ne masu yarda da abin da muka riƙe a hannu, ba ma son cinikin biri a sama, kuma wannan ɗabi'a ta tsare mu daga asara da yawa. Sai dai tikitin takarda yana da nasa ciwon. Injinan ɗab'i na yanzu, in ka ba su tikiti ɗaya da safe, kafin la'asar sun fitar da ɗari irin sa. Shi ya sa muke jinkirta fitar da shi, muke manna masa ɗan abu mai ƙyalli, muke buga wa kowanne lamba. Duk da haka, da dare, da hasken tocila, ga mutum dubu suna turowa ta baya, yaron da ke ƙofa ba shi da sukunin tantance ƙyallin gaske da na bogi.

Akwai kuma cin amanar cikin gida, wanda masu sana'ar ba su cika son faɗa ba. Mai karɓar tikiti ya ƙi yage shi, ya tara guda ashirin a aljihu, ya miƙa wa yaronsa ta katanga, a sake sayar da su a waje. Tikitin gangariya ne, amma kujerarsa tana da mai ita tuni. Na sallami ma'aikata a kan wannan fiye da sau ɗaya. Don haka duk inda aka karɓi tikitinka na takarda, ka tsaya a yage shi a gabanka a ba ka ɓarinka.

Kada ka ɗauka mu kaɗai abin ya shafa. Ranar 28 ga Mayun 2022, a wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai tsakanin Liverpool da Real Madrid a Faris, sai da aka jinkirta take wasa fiye da rabin sa'a, magoya baya masu tikitin gaske suna matse a waje ana fesa musu barkonon tsohuwa. Hukumomin Faransa suka ɗora laifin a kan jabun tikitin takarda. Binciken da aka fitar a Fabrairun 2023 kuwa ya ɗora babban alhakin a kan UEFA, hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai, da yadda aka tsara shigar mutane. Wannan ya yi daidai da abin da na gani da idona a ƙananan wasanninmu: jabun tikiti yana jawo rigima, amma ƙofar da ba a tsara ba ita ke jawo bala'i.

Duk da haka, sayen hannu kafin ranar hanya ce mai kyau, ban raina ta ba. Akwai shago tsayayye da za ka iya komawa, akwai rasit, ba ka buƙatar katin banki ko babbar waya. Ga wanda ke aiki a Wuse ko Jabi ko Garki, ya biya ta wurin a hanyarsa ta komawa gida, shi ke nan. Sharaɗin kawai shi ne ya zama wurin da mai wasan ya ambata da kansa. Rauninta kuma shi ne takarda ba ta da suna: ta faɗi, ko ta shiga wanki a aljihun riga, kuɗi sun tafi. Ta ɓangarenka akwai wani lissafin. Tela ne kai, ga Sallah ta matso. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ka san yadda kuɗin mota ya koma. Ka haɗa kuɗin zuwa da dawowa da rabin yinin da keken ɗinkinka zai yi shiru, a lokacin da masu kaya ke zarya a ƙofar shago. Ba na jin wannan tafiyar za ta biya ka.

Bakin ƙofa

A nan zan daɗe, don nan ne zuciyata take.

Mutumin da ke da tikiti a hannu yana bin layi da natsuwa, ya san kujerarsa na jiran sa. Wanda ya zo saye kuwa a tsorace yake kada ya ƙare kafin a zo kansa, kuma tsoron nan ne ke sa turawa. Idan aka haɗa waɗannan mutane biyu a ƙofa ɗaya, aka ƙara da masu zuwa ba su da niyyar biya sam, suna jiran a yi rikici su kutsa, to an haɗa wuta da auduga. Ga 'yan sane suna kewayawa, don babu inda suka fi so kamar inda kowa ya fito da waya ko kuɗi kuma jiki na gogar jiki.

Ka ce za ka je da kuɗinka a hannu. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, bayan da aka sauya fasalin 200 da 500 da 1,000, yawancin masu zuwa ƙofa ba sa zuwa da tsabar kuɗi. Kati ne ko taransifa. To ka tuna mutum dubbai sun taru wuri ɗaya, kowa na ɗaukar bidiyo yana turawa, turakun sadarwar unguwar sun cika maƙil. POS sai ta yi ta juyi. A cire wa mutum kuɗi, takarda ba ta fito ba. Wani ya nuna alat a wayarsa, mu ba mu gani a namu ba, kuma ba za mu yarda ba don an sha cin mu da alat na ƙarya. Kowace irin wannan gardama tana cin minti biyar, layin baya kuma yana ƙara kumbura. Ko kai da ka zo da tsabar kuɗinka, a bayansu kake tsaye.

Wata shekara, a wani ɗakin taro da ba zan ambata ba, mai wasa ya ga jama'a sun yi dafifi a waje sai kwaɗayi ya kama shi. Mun riga mun gaya masa ɗaki ya cika. Ya ce a ci gaba da sayarwa, ai wasu za su tsaya a baya. Kuɗin hannu ba ya barin sawu, babu kwamfutar da za ta ce masa ya isa. Kafin awa ɗaya hanyoyin tsakanin kujeru sun toshe, sanyin ɗakin ya gaza, zufa ta ko'ina. Wata yarinya da ba ta wuce sa'ar ƙannenka ba ta sume a kusa da ƙofa, kuma da ƙyar muka samu inda za mu bi mu fito da ita, don masu son shiga sun tokare ƙofar daga waje. Allah Ya sa ta farfaɗo. Mutanen da suka sayi nasu tun mako biyu baya, wasunsu a waje suka ƙare daren. Daga ranar na ɗaura wa kaina sharaɗi: ba na karɓar aikin da ba a rubuta adadin mutanen da wuri zai ɗauka ba, kuma teburin sayar da tikiti sai ya yi nisa da ƙofar shiga.

Mu 'yan Abuja bai kamata a tuna mana illar ƙofa ba. Ranar 15 ga Maris ɗin 2014, masu neman aikin hukumar shige da fice suka yi cincirindo a babban filin wasa na ƙasa, wanda yanzu ake kira da sunan Moshood Abiola, aka rasa rayuka a turmutsutsun shiga. Filin nan yana cin mutum sama da 60,000, amma girman ciki bai hana ƙuncin ƙofa ba. A Landan ma, ranar 15 ga Disamban 2022, a wasan mawaƙin Najeriya Asake a ɗakin taro na Brixton, jama'a suka yi ƙoƙarin kutsawa, rahotanni suka ce da yawansu ba su da tikiti, mutum biyu suka rasu, wurin bai sake buɗewa ba sai Afrilun 2024. Kai kuma da ƙanne mata biyu za ka je. Ban yarda ka tsaya da su a irin wannan layi ba, ko da kyauta za a raba tikitin.

Ga kuma 'yan bumburutun tikiti, masu tare ka tun daga inda ka sauka a mota suna cewa na ciki ya ƙare amma su suna da saura. Wani lokaci nasu na gaske ne sun ninka kuɗi, wani lokaci jabu ne, wani lokaci irin wanda aka miƙo ta katanga ne. Ba ka da yadda za ka bambanta a cikin duhu.

Maganar kuɗi

A taƙaice, wanda ya yi sammako shi ke samun sauƙi. Mai shirya wasa yana buƙatar kuɗi tun da wuri: kafin alƙalamin mawaƙi, kuɗin kama ɗaki, masu kayan sauti, man janareta. Shi ya sa yake karya farashin kashin farko, sannan ya riƙa ɗagawa, na bakin ƙofa ya zama mafi tsada. Ta intanet kuma akwai ɗan ƙarin da za ka gani a kan farashi. Kamfanonin da kuɗin ke bi ta hannunsu suna da ladansu. Paystack, alal misali, yana karɓar kashi 1.5 cikin 100 da ƙarin naira 100, kuma ba ya wuce naira 2,000 a ciniki ɗaya. Wato a cinikin naira 10,000, naira 250 ke nan. Shafin sayar da tikitin shi ma yakan ɗora nasa. Duka-duka dai da wuya ya kai kuɗin motarka zuwa cikin gari da dawowa.

A Amurka da Turai kukansu daban ne. Can tikiti kan ƙare cikin mintuna, har a Nuwamban 2022 shafin Ticketmaster ya durƙushe saboda rububi, wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya zauna a kai a Janairun 2023. A wasannin da na yi aiki a Abuja ban cika ganin haka ba. Mu sai ana saura kwana biyu ko uku ciniki ke buɗewa, don kowa na jiran ya ga ko wasan zai tabbata. Wannan yana nufin kana da lokacin bincike, kada kowa ya ruɗe ka da "saura kaɗan ya ƙare, turo yanzu".

In za ka saya ta waya

Shawarata ke nan, kuma ga yadda nake so ka yi. Ka fara daga shafin mawaƙin na asali, wanda ka daɗe kana bibiya, ka ga ko shi da kansa ya tallata wasan, ya fi kyau in da bakinsa a bidiyo yana faɗin rana da wuri. An sha manna hoton mawaƙi a takardar talla alhali ba a gama magana da shi ba. Daga nan ka bi mahaɗin, wato link, da shi ko mai shirya wasan ya sa, kada ka bi wanda aka turo maka a WhatsApp ko da ɗan'uwanka ne ya turo, don shi ma turo masa aka yi. Shafukan da aka saba sayar da tikiti a kansu a ƙasar nan, irin su Tix Africa da Nairabox da Ariiya Tickets, sanannu ne, amma sunan shafi shi kaɗai bai isa shaidar cewa wasan zai yiwu ba. Dillalai ne su, wasan na wani ne.

Akwai wani bincike mai sauƙi da mutane ba sa yi: ka kira wurin da aka ce za a yi wasan, ko ka aiki abokinka, a tambaya ko an kama ɗakin a wannan rana. Manyan wurare kamar babban ɗakin taro na ƙasa da ƙasa da ke Garki ko na otal ɗin Transcorp Hilton da ke Maitama suna da ofishin da ke riƙe da jadawalinsu. In mai wasan ya ce kamfani ne, kana iya duba sunansa kyauta a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni. A Instagram kuma akwai inda ake ganin watan da aka buɗe shafi da ko ya taɓa sauya suna. Shafin da aka buɗe watan jiya yana tallar wasan miliyoyi, ka san ruwa ba ya tsami banza.

Wajen biya, ka karanta sunan da manhajar bankinka ta nuna kafin ka danna. In sunan wani mutum ne kawai wanda ba shi da alaƙa da wasan, ka dakata. In shafin ya ba ka lambar asusu ta wucin gadi, ka tura daidai adadin da aka rubuta, cikin lokacin da aka ba ka, kada ka ajiye lambar ka ce sai gobe. Lambar sirrin da banki ke turo maka, da ta katinka, da BVN, babu mai sayar da tikitin da zai kira ka ya nema. Duk wanda ya nema ɓarawo ne. In aka cire kuɗi tikiti bai zo ba, kada ka sake biya nan take. Ka duba imel ɗinka har akwatin tarkace, ka ɗan jira, sannan ka kai ƙorafi banki da lambar cinikin. Tun 2020 Babban Bankin Najeriya ya sa wa bankuna wa'adin awa 72 su warware cinikin POS ko na intanet da ya maƙale. Ba kullum suke cikawa ba, amma kana da abin kafa hujja.

Da tikitin ya zo, ka sauke shi cikin wayarka tun kana gida, kada ka bari sai a ƙofa inda sabis ba ya motsi. In huɗu ka saya, ka duba ko lamba huɗu aka ba ka ko ɗaya ce ta haɗe ku. In ɗaya ce, dole ku shiga tare. Ka je wurin masu buga takardu a fitar maka da shi, ka ga ka haɗa biyu ke nan, ga na waya ga na riƙewa a hannu, ko caji ya ƙare ko gilashin wayarka ya tsage ba abin da zai dame ka. Sannan ka ja wa ƙannenka kunne sosai: kada wadda ta sa hoton tikitin a sitatus don murna. Duk wanda ya ga lambar ya riga ku zuwa, shi ne mai kujerar.

In aka ɗage ko aka fasa

Kai ka ce "washegarin Sallah". Ka duba da kyau ko kwanan wata aka rubuta. Ranar Sallah sai Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata, kuma na taɓa ganin wasan da wannan kwana ɗaya ya hargitsa, don an kama ɗaki a rana tsayayya, an kuma tallata da sunan Sallah. In a fili za a yi, ka tuna daga Afrilu zuwa Oktoba ruwan Abuja ba ya sallama.

A nan ne sayen intanet ya fi ƙarfi, don akwai sawu: sunanka, adadin kuɗi, rana, da asusun da suka shiga. Wanda ya biya tsabar kuɗi a ƙofa ba shi da komai sai ɓarin takarda. Amma ba zan yi maka alƙawarin cewa sawu yana nufin kuɗi za su dawo da sauri ba. Sau da yawa shafin ya riga ya miƙa wa mai wasan kuɗin, shi kuma ya kashe. Ka karanta abin da suka rubuta kan mayar da kuɗi kafin ka biya, ka ɗauki hotonsa ka ajiye. In aka fasa wasa aka kuma hana ka haƙƙinka, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, kuma hedkwatarta a nan Abuja take. Ni ba lauya ba ne, aikina ƙofa ne, kuma ban ga takardar wannan wasa naku ba, saboda haka amanar mai shirya shi kai za ka auna ta da matakan da na faɗa maka.

In ka bincika ka ga babu shafin da mawaƙin ko mai wasan ya ayyana, sai lambar asusun wani mutum da lambar WhatsApp, to ka aiki abokinka wurin sayen hannu da aka ambata, ya karɓo da rasit. In shi ma babu, sai bakin ƙofa kaɗai, ni dai da ƙannena ne da na haƙura da wannan wasan.

Ranar kuma ku isa da wuri, ana buɗe ƙofa kuna ciki, tun kafin layi ya yi kauri. Kuna shiga ka nuna wa 'yan matan ƙofar fita mafi kusa, ku kuma tsai da wurin da za ku haɗu in kun rabu. Ka sani lokacin da aka rubuta a takarda ba shi ne lokacin da babban mawaƙi ke hawa ba, yawanci sai dare ya raba. Don haka ka shirya motar komawa Mararaba tun kafin ku fito daga gida, direban da ka sani, ku yi ciniki ya dawo ya ɗauke ku. Kada ka tsaya da su a mahaɗar AYA da ƙarfe ɗayan dare kuna tsai da motar da ba ku sani ba, ka san halin 'yan wan-cans, masu fashi da motar haya. Ka sa kuɗin wannan motar cikin lissafin tikitin tun yanzu, in bai fita ba ku kama hanya kafin a tashi.